Cigiyar Dangi a Yaƙin Sudan: Me Sashen Haɗa Iyalai na Red Cross Zai Iya Yi wa Mutumin Kano?

Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da faɗa ya ɓarke a Kartum tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti, akwai gidaje a birnin Kano da wayar wani nasu ta daina shiga, kuma har yau shiru kake ji. Wanda ya san tarihin garin nan ba zai yi mamaki ba. Ta Sudan alhazan ƙafa suke bi zuwa Makka, da yawansu suka yada zango suka hayayyafa a can. Garin Mai Wurno da ke kusa da Sennar ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma akwai Hausawa masu yawa a Gadarif, Kassala, Damazin, Niyala da Port Sudan. Ga ɗalibanmu na Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da sauran makarantu, ga fatake, ga 'ya'ya mata da aure ya kai.

Gwamnatin Najeriya ta kwaso mutane a makonnin farko. Motocin bas sun fara barin Kartum a ƙarshen Afrilu, an sha jira a kan iyakar Masar, rukunin farko na mutum 376 ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu, wasu kuma suka biyo ta Port Sudan. Sai dai wannan kwasa ta fi samun wanda yake Kartum, yake da fasfo a hannu, sunansa kuma na cikin jerin ɗalibai. Tsohuwar da ta shekara arba'in a Omdurman ba takarda, da ɗan tireda a Junaina ta yankin Darfur, da almajirin wata tsangaya a ƙauyukan Jazira, da wuya su shiga wannan lissafi. Don iyalan irin waɗannan muka zauna muka auna sashen neman dangi da haɗa iyalai na ƙungiyar Red Cross.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne, duk gidan da ke da wanda ya ɓace a Sudan ya je ya buɗe fayil, yau kafin gobe. Kyauta ne, ba a karɓar ko kwabo, kuma babu wata hanya ta cigiya da ke da hannu a ƙasashe da yawa kamar wannan. Amma a je da sanin cewa aikin yana da jinkiri, ba ya alkawarin sakamako, kuma rabin nasararsa yana hannun mai kawo bayani, sauran rabin yana hannun masu riƙe da bindiga.

Ƙofar shiga ita ce reshen Kano na ƙungiyar Red Cross ta Najeriya, wadda dokar 1960 ta kafa, take kuma da reshe a kowace jiha da Abuja. Bayanin da aka ɗauka a nan yana tafiya ne ta hannun Kwamitin Red Cross na Ƙasa da Ƙasa, wato ICRC, mai hedikwata a Jeniba, wanda ke da babbar cibiyar cigiya da asalinta ya koma 1870, lokacin yaƙin Faransa da Jamusawa. Daga can ake miƙa shi ga inda ake zaton mutumin yake: ofishin ICRC a Sudan da ƙungiyar Red Crescent ta Sudan, ko takwarorinsu na Chadi, Masar, Habasha, Sudan ta Kudu da Libiya. A nan ƙarfin sashen yake. Wanda ya bar Junaina a 2023 wataƙila yana sansani a kusa da Adre cikin Chadi, wanda ya gudu daga Kartum zuwa Wad Madani wataƙila ya sake gudu lokacin da RSF ta kama garin a Disambar 2023. Ba gidan da zai iya bin sawu a ƙasashe biyar da ƙafarsa. Ga masu jin nauyin alamar jan gicciye kuwa, juyin tutar Suwizalan ce, kuma masu aiki da alamar jinjirin wata, wato Red Crescent, a Sudan da Masar da Saudiyya duk gida ɗaya ne da su. Mutanen Kano ma sun san ICRC ta wani ɓangaren, tunda a 2016 ta fara tallafa wa sashen ƙafar roba na Asibitin Ƙashi na Dala.

Zaman cike fom shi ne zuciyar aikin, kuma a nan mafi yawan fayiloli ke yin rauni tun ba a je ko'ina ba. Dole mai neman ya zama dangi ne: uba, uwa, mata, miji, ɗa, ɗan'uwa. Za a tambayi cikakken sunan wanda ya ɓace, sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa, shekarunsa, inda aka haife shi, adireshinsa na ƙarshe, ranar da aka ji ɗuriyarsa ta ƙarshe, yadda abin ya faru, da mutanen da za su iya ƙarin bayani. Ka ga kamar tambayoyi masu sauƙi. Amma in jami'i ya ce, "Hajiya, yaushe kika ji muryarsa ta ƙarshe, kuma daga ina ya kira?" sai amsar ta zama, "Ai cikin azumi ne, yana can Sudan ɗin." Wannan ba ta isa a tura ɗan sa-kai ko'ina ba. Amsar da ke aiki ita ce wadda ta ce: daren 27 ga azumin shekarar da aka fara yaƙin, daga unguwa kaza a Omdurman, kusa da masallaci kaza, da wayar maƙwabcinsa, ga lambar, kuma ya ce washegari za su nufi Wad Madani shi da iyalin wane. Kowace gaɓa a cikin wannan jimla ƙofa ce da za a iya ƙwanƙwasawa.

Saboda haka kada a je ofis kai-tsaye daga gida. A fara zaman iyali tukuna. A tattaro duk wayoyin gidan a duba kiran ƙarshe da saƙon WhatsApp na ƙarshe, a rubuta kwanan wata da lambar da aka yi kiran da ita, ko da ba ta mutumin ba ce. Saƙon murya kada a goge shi, don sau da yawa a cikinsa ake jin sunan unguwa ko na wanda yake tare da shi. A nemo rasit ɗin kuɗin da aka taɓa tura masa, domin yana ɗauke da sunan wanda ke karɓa a can. A kawo hoto mafi kusa da yadda yake yanzu, fuska a bayyane, ba na ɗaurin aure da aka yi masa ado har ba a gane shi ba. In akwai kwafin fasfo, lambar NIN, katin makaranta ko takardar zama, a haɗa. Sannan a zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa da zai zama bakin iyali, wanda lambarsa ba ta canzawa. In mutum uku suka je daban-daban, kowa da nasa labarin, sai a sami fayil uku masu cin karo da juna.

Batun suna ya cancanci a tsaya a kansa, don ya sha ɓatar da mai nema alhali wanda ake nema yana cikin rajista. A gida ana kiransa Habu ko Garba, fasfo ya ce Abubakar, magatakardan sansani a Chadi mai rubutu irin na Faransanci zai sa Abakar, ɗan Sudan kuma zai iya rubuta Babikir. Haka Mamman da Muhammad da Mahamat, haka Usman da Osman da Ousmane. Ƙari a kan haka, 'yan Sudan suna rubuta suna ne jere huɗu: na mutum, na uba, na kaka, na kakan uba. Namu fasfon kuwa sau da yawa sunan gari ko unguwa ne a madadin na uku. Don haka a ba jami'i duk siffofin sunan, da laƙabin da aka san shi da shi a can, da jerin sunayen kakanni, kuma in da hali a rubuta da haruffan Larabci. Mata sun fi shiga wannan matsala, saboda da yawa ba a san su da sunan yanka ba sai da alkunya irin Uwar Wane.

Akwai tambayoyin da ke da nauyi a baki, amma a daure a amsa. Tsagar fuska ko ta ciki, tabo, karayar da ya taɓa yi da wace ƙafa, haƙorin da ya fita ko na Makka, zobe, laya, kayan da aka gan shi da su na ƙarshe. Wasu iyalai suna jin kamar amsa wannan fatan mutuwa ne ga ɗansu. Sam. Da irin wannan bayanin ake gane wanda ke kwance a asibiti ba ya iya magana, da yaron da bai san sunan garinsu ba. In kuma ta Allah ta kasance, da shi ake raba gawa da gawa.

Kafin a rufe fom za a nemi amincewarku a kan wanda za a iya nuna wa bayanin: hukumomi, masu ɗauke da makamai, ko jama'a ta hanyar sanar da suna da hoto. Wannan tsari ya burge mu, kuma muna roƙon kada a sa hannu cikin gaggawa. In ana zargin kama mutum aka yi, ICRC ba ta da hanyar tambayar masu tsare shi sai ta ambaci sunansa, kuma ba ta yi sai da yardar iyali. Ambaton na iya zama kariya, don wanda aka san yana hannunka ya fi wuyar ɓatarwa. Amma iyali su suka san halin ɗansu, su za su auna. Daga nan sai a karɓi lambar fayil. A rubuta ta a wuri biyu, a ɗauke ta hoto, don da ita ake bibiya.

Wani abu da ke ba mutane haushi, mu kuma muke ganin daidai ne: in an sami mutum, sai an tambaye shi ko ya yarda a faɗa wa masu nemansa inda yake. In babba ne ya ce a'a, ba za a ba da adireshinsa ba. Uba zai ji zafin wannan. Amma ku tuna macen da ta gudu daga mai cutar da ita, ko wanda wani ke nema da sunan dangantaka alhali fansa yake so ya ɗauka. Dokar da ta kare su ita ce ta sa mutanen sansani ke yarda su ba da sunansu tun farko.

Bayan cigiya, abin da sashen ya fi ƙwarewa a kai shi ne isar da saƙo. Akwai kiran waya kyauta na 'yan mintuna a sansanonin gudun hijira, akwai kuma takardar saƙon Red Cross. Fom ne mai wurin sunan mai aikawa da na wanda za a kai wa, da fili na rubutu, da wani filin na amsa. Ba a liƙe shi, domin masu iko da gidan yari ko yankin suna da damar karantawa, kuma labarin iyali kaɗai ake yarda da shi. Wane ya rasu, wance ta haihu, an sa wa yaron sunanka, Inna tana gaishe ka. In aka sa maganar siyasa, ko wane ɓangare ke da gaskiya, ko inda sojoji suke, saƙon zai tsaya a hanya, wataƙila ma ya jawo wa wanda aka rubuta wa matsala. A rubuta da harshen da zai iya karantawa, boko ko ajami ko Larabci, da rubutu mai kyau, a kuma sa lambar waya biyu. Mai wayar zamani zai raina takarda, amma a Fabrairun 2024 layukan sadarwa sun ɗauke a mafi yawan Sudan, kuma wanda ke tsare ba shi da waya ko da layi yana aiki.

Yanzu ga inda sashen ya gaza. Na farko, jinkiri. Cigiya na iya ɗaukar watanni, na iya ɗaukar shekaru, na iya ƙarewa ba amsa. Alƙaluman ICRC kansu sun nuna haka: a ƙarshen 2024 akwai kimanin mutum 284,000 da ke rajistar waɗanda suka ɓace a duniya, a shekarar kuma an gano inda sama da 16,000 suke, an haɗa sama da 7,000 da iyalansu. Mutum dubu goma sha shida ba ƙaramin alheri ba ne, amma ku dubi tazarar. Mu nan Najeriya mun fi kowa sanin nauyin layin, domin a 2019 ICRC ta ce tana neman kusan 'yan Najeriya 22,000, adadi mafi yawa a kowace ƙasa a lokacin, galibi daga rikicin arewa maso gabas, kuma kashi 60 cikin ɗari yara ne sa'ad da suka ɓace. Fayil ɗin Sudan yana shiga ne bayan wannan tulin. Tsarin kuma an gina shi ne a kan a kira ka in an sami labari, don haka dogon shiru ba ya nufin an jefar da takardarku. Ku riƙa leƙawa duk bayan wata biyu ko uku, kuma duk sabon bayani, ko jita-jita ce, ku kai.

Na biyu, kuɗi. A 2023, shekarar da yaƙin ya fara, ICRC ta zaftare kasafinta da ɗaruruwan miliyoyi na kuɗin Suwizalan, ta sallami ma'aikata sama da dubu, ta rufe ofisoshi a wurare da dama. Cigiya aiki ne na ƙafa, ƙofa-ƙofa, sansani-sansani, kuma in ƙafafu suka ragu dole tafiya ta ragu. Na uku, sirri. A Janairun 2022 ICRC ta sanar cewa an yi wa rumbun bayananta kutse, abin ya shafi mutum sama da 515,000, cikinsu har da masu cigiyar dangi. Ta fito ta faɗa da bakinta, ta dakatar da na'urorin har aka gyara, kuma wannan abin yabo ne. Duk da haka mai ba da bayani yana da haƙƙin sanin an taɓa yi. Na huɗu, rashin sanarwa. Kano gari ne da ke jin cigiyar yaro a rediyo da lasifikar masallaci kullum, amma mutane ƙalilan ne suka san da wannan ofishi. Shafinsu na intanet ya fi amfanar mai karanta Turanci, Faransanci ko Larabci. Da za a riƙa sanarwa da Hausa a gidajen rediyon Kano, a kuma bi ta hannun masu unguwanni da limaman Juma'a a wurare irin su Fagge, Kurna da Rijiyar Lemo, da fayilolin da za a buɗe sun ninka.

Akwai kuma abubuwan da ba aikinsu ba ne, gara a sani tun daga gida. Ba sa tura kuɗi, ba sa biyan fansa, ba su da ikon sakin wanda aka tsare, ba sa ba da shaida a kotu a kan wanda ya yi kamun, kuma ba sa ba da takardar shaidar mutuwa. Dawo da mutum gida sun fi yi wa yaran da suka rabu da iyaye da masu rauni sosai. Babba mai lafiya da ke son dawowa, hanyarsa ita ce ofishin jakadancin Najeriya don takardar tafiya ta gaggawa, da NiDCOM, hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje, da NEMA ta agajin gaggawa, da hukumar ƙaura ta duniya IOM. Duk wanda ya kira ku ya ce shi ma'aikacin Red Cross ne, a turo kuɗin mota ko na fom, ɗan damfara ne, ku kashe wayar ku kai rahoto.

Maganar damfara ta kawo mu ga sauran hanyoyin da mutane ke bi. Cigiya a Facebook da zaurukan WhatsApp na Hausawan Sudan tana da sauri, kuma ta sha yin aiki, musamman in mutumin yana gari mai layi. Ba mu ce a bari ba, zumunta a ƙafa take, kuma ɗan unguwa ya fi kowane ofis sanin wanda ya fita da wace mota. Haɗarin shi ne, hoto da cikakken suna da lambar uwa a fili kayan aiki ne ga macuci. Kwana biyu sai kira ya shigo: yana hannunmu, a tura kaza ta Bankak, manhajar bankin Kartum da ake hada-hada da ita a can. Kafin a tura ko sisi, a nemi jin muryarsa kai-tsaye, ko a yi tambayar da shi kaɗai ya san amsarta, kamar sunan da kakarsa ke kiransa da shi. A cigiyar fili kada a sa lambar tsohuwa, a sa ta namiji mai taurin zuciya, kuma a ɓoye wata alama ɗaya ta jikinsa don gwada masu kira.

Ɓangaren da iyalai suka fi shan wuya a kansa a ɓoye shi ne na shari'a. Matar wanda ya ɓace ba bazawara ba ce, ba kuma mai miji a gida ba. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a na Kano ke bi, asalin hukuncin shi ne ta kai magana gaban alƙali, a yi bincike, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta gado sai ya kai shekarun da ba a zaton irinsa na raye. Malamai sun bambanta hukuncin wanda ya ɓace a fagen yaƙi ko cikin fitina, haka nan in babu abin ciyar da ita, don haka alƙali ne zai duba wane ya dace. A ɓangaren dokar ƙasa, Dokar Shaida ta 2011 tana ɗaukar mutum a matsayin ya rasu in an shekara bakwai waɗanda ya kamata su ji labarinsa ba su ji ba. Abin lura a nan: a hukuncin Malikiyya lissafi ba ya farawa daga ranar da waya ta daina shiga, sai an kai ƙara. Matar da ta zauna shiru shekara uku don kunya ko don kada dangin miji su ce ta gaji, ta yi asarar shekara ukun. Lambar fayil ɗin cigiya da ranar buɗe shi suna iya taimaka mata wajen nuna cewa an nema da gaske.

Duk wannan ƙoƙari yana da iyakar da ba ofishin Kano ko na Jeniba ne ya shata ta ba. A yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyoyin Jeniba na 1949 sun ba ICRC haƙƙin ziyartar fursunonin yaƙi, sun kuma wajabta sakinsu da mayar da su gida ba tare da jinkiri ba da zarar faɗa ya tsaya. Na Sudan kuwa a doka yaƙin cikin gida ne, duk da hannun ƙasashen waje da ke ciki, saboda haka ICRC tayin ziyara kawai take yi, sai mai riƙe da kurkuku ya ga dama. In an buɗe ƙofa, ana ganin aiki. A Yunin 2023 ta kwashe yara kusan 300 daga gidan marayu na Mygoma a Kartum, ta kuma shiga tsakani aka saki sojoji 125 da ke hannun RSF. A Sanarwar Jidda ta 11 ga Mayun 2023 ɓangarorin biyu sun sa hannu cewa za su guji ɓatar da mutane, za su bari a ziyarci waɗanda ke tsare, za su kuma bar Red Crescent da ICRC su tattara gawawwaki, su yi musu rajista, su binne. Yadda aka saɓa wannan alkawari kowa ya gani, har zuwa faɗawar El Fasher, babban birnin Darfur ta Arewa, hannun RSF a Oktoban 2025 bayan ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi.

Shi ya sa muke cewa duk sulhun da za a yi a Sudan, in bai ɗauki batun waɗanda suka ɓace a rubuce ba, an bar gidaje irin namu a cikin yaƙin. Tarihi ya nuna bambancin. Iran da Iraƙi sun tsagaita wuta a 1988, amma sai 2003 aka yi musayar fursunoni ta ƙarshe, shekara goma sha biyar iyalai na jira. Kwamitin da aka kafa ƙarƙashin ICRC bayan yaƙin Kuwait na 1991 ya shafe shekaru sama da talatin yana tonon neman mutane. A Bosniya kuwa Yarjejeniyar Dayton ta 1995 ta ɗora wa ɓangarorin ba da bayanin waɗanda ba a gani ba, aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa ta neman ɓatattu a 1996, aka ɗebi jinin dangi don gwajin DNA, kuma daga cikin kimanin mutum 40,000 da suka ɓace a yaƙe-yaƙen tsohuwar Yugoslabiya an gano sama da kashi 70 cikin ɗari. A Yaman ma, inda yaƙin bai ƙare ba, saboda an sa musayar fursunoni a Yarjejeniyar Stockholm ta 2018, an saki 1,056 a Oktoban 2020 da kusan 900 a Afrilun 2023. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar da wannan nauyi a ƙuduri mai lamba 2474 na Yunin 2019.

Abin da ake buƙata a takardar sulhu sananne ne: kowane ɓangare ya miƙa jerin sunayen waɗanda ke hannunsa cikin wa'adi da aka ƙayyade, a buɗe wuraren tsarewa har da na ɓoye, a nuna inda aka binne mutane, a tsare kaburburan kada a taɓa su sai da masana. Na ƙarshen nan shi ya fi gaggawa. A Kartum an binne mutane a tsakar gida, a harabar makarantu, a gefen titi, saboda ba halin zuwa maƙabarta. Bayan sojoji sun karɓe birnin a Maris na 2025 an fara tono ana mayar da su maƙabartu. Duk gawar da aka ɗaga ba a rubuta daga inda aka ɗauke ta ba, ba a ba ta lamba ba, ba a ɗauki hoton kayan jikinta da samfurin ƙashi ko haƙori ba, ta ɓace karo na biyu, kuma wannan karon da wuya a sake gano ta. Baƙo wanda danginsa ke Kano shi ya fi shiga wannan haɗari, don babu maƙwabcin da zai tsaya a bakin rami ya ce na san shi.

A nan gwamnatin jihar Kano da ta tarayya suna da aikin yi wanda Red Cross ba za ta yi musu ba. Ranar da aka zauna teburin sulhu, ƙasar da ta zo da jerin sunayen mutanenta ita za a saurara. Ya kamata a tattara sunayen 'yan jihar da suka ɓace a Sudan ta hannun masarauta da ƙananan hukumomi, da yardar iyalansu, a miƙa wa Ma'aikatar Harkokin Waje. Iyalai kuma su lura da wani abu: gwajin DNA ya fi ƙarfi da samfurin uwa, uba ko 'ya'yan cikinsa, ya fi rauni da na ɗan baffa ko ɗan kawu. In iyayen wanda ya ɓace sun manyanta, ku faɗi haka a fayil, ku rubuta sunayen makusantan da ke raye da inda suke zaune, ku tambayi jami'i yadda za a yi idan lokacin ɗaukar samfur ya zo. In kun canza lamba ko kun tashi daga unguwa, ku je ku gyara. In kuma Allah Ya sa ɗanku ya bayyana ta wata hanya, ku koma ku sanar a rufe fayil ɗin, domin ɗan sa-kan da ke yawo da sunansa a sansanin Adre ya juya ga na wani gidan.